Sanin hanyar jini kafin buga rahoton likitan zuciya

A bakin mai Turanci, 15 da 50 sun yi kusa da juna ƙwarai, balle idan likita ya gaji, yana magana cikin waya, janareta na ruri a bayansa. A rahoton hoton zuciya kuwa, tazarar da ke tsakanin lambobin nan ita ce tazarar da ke tsakanin mara lafiyar da ake fama a ceto shi da wanda za a sallama ya koma gida. Lambar da ake nufi ita ce EF, wato kason jinin da babban ɗakin hagu na zuciya ke turawa waje a kowane bugu. A jikin lafiyayye tana tsakanin kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Idan likita ya ce ƙarfin ɗakin ya faɗi warwas, sannan kunnenka ya jiyo 50, to akwai magana: ko dai 15 ya ce, ko kuma bakinsa ne ya kuɓuce. Iyafis komai tsadarsa ba zai nuna maka wannan ba. Sai ka san yadda zuciyar take aiki.

Aikin mai buga rahoton likita a faɗe ba wuya: likita ya faɗa, ko ya rubuta da hannu, kai kuma ka mayar da shi takarda tsaf. A Jos, abin da ya fi zuwa hannu daga sashen zuciya shi ne rahoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, da bayanin ECG, wato awon wutar zuciya a takarda, da takardar sallama, da wasiƙar tura mara lafiya gaba, ko daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Jankwano, ko ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Wasu kuma ta intanet suke karɓar aiki daga Amurka da Ingila. Kalmomin likitanci da ke nan an rubuta su ne yadda kunne ke jin su. Jerin haruffansu sai a ƙamus na likitanci, kuma sai an tantance na wace ƙasa, domin kalmar kumburi a rubutun Ingila, wanda shi muka gada, da harafin o take farawa, a na Amurka kuwa da e.

Zuciyar baligi ta kai girman dunƙulen hannunsa, nauyinta giram 250 zuwa 350. Tana bayan ƙashin ƙirji, tsakanin huhu biyu, kashi biyu cikin uku nata sun karkata hagu. Tsininta na ƙasa shi likita ke lalubawa da yatsu, kuma wurinsa shi ne sarari na biyar tsakanin haƙarƙarin hagu, daidai layin da ya sauko daga tsakiyar ƙashin da ya gitta tsakanin wuya da kafaɗa. A fayil za ka ga an taƙaita shi 5LICS MCL. Idan aka ce ya koma sarari na shida ya matsa wajen hamata, zuciyar ta ƙara girma ke nan, don haka ka sa ran jin kadiyomegali a wani wuri cikin rahoton. Dama da hagu kuma kullum na mara lafiya ne, ba na mai kallon hoto ba.

Bangon zuciya hawa-hawa yake. Na ciki, mai santsi, wanda ya lulluɓe har bawuloli, wato ƙofofin da ke hana jini komawa baya, shi ne endokadiyom. Tsokar da ke aikin turawa ita ce mayokadiyom. Sai efikadiyom a waje, sannan jakar da zuciyar take ciki, ferikadiyom, mai ɗan ruwa mililita 15 zuwa 50 don kada gogayya ta yi yawa. Gaɓar farko ce kawai ta raba kalmomin, ita ce kuma likita mai sauri ya fi haɗiyewa. Idan aka liƙa musu aitis, wato kumburin ciwo, sai a sami cututtuka uku, endokadaitis da mayokadaitis da ferikadaitis, da ba abin da ya haɗa maganinsu. Endokadaitis ƙwayar cuta ce a kan bawul, wadda ke cin mako 4 zuwa 6 ana allura ta jijiya. Ferikadaitis a ƙasashenmu sau da yawa tarin fuka ne ke kawo shi, saboda haka idan ka ji an lissafa magungunan tarin fuka a ƙarshen rahoto, ka san wace kalma ta fi dacewa da abin da ka ji a sama. Taruwar ruwa a jakar sunanta ifyushan, ƙarin ruwa ta jijiya kuma infyushan. Harafi ɗaya ne a kunne, amma ɗaya cuta ce, ɗaya magani.

Abin da ya kamata ɗalibi ya haddace kamar karatun allo shi ne hanyar jini. Jinin da jiki ya gama amfani da shi yana dawowa ta manyan jijiyoyi biyu, SVC daga sama da IVC daga ƙasa, ya zuba a ɗakin sama na dama, atiriyom na dama. Daga nan ya bi ta bawul ɗin tirikasfid ya sauka ɗakin ƙasa na dama, bentirikul na dama, wanda ke tura shi ta bawul ɗin falmonari zuwa huhu. A huhu ya sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin, ya dawo ta jijiyoyi huɗu zuwa atiriyom na hagu, ya ratsa bawul ɗin maitiral zuwa bentirikul na hagu, shi kuma ya harba shi ta bawul ɗin ayotik cikin ayota, uwar jijiyoyin jiki. Kimanin lita 5 ke bin wannan hanya a kowane minti idan mutum yana hutawa.

Wanda ya riƙe wannan jeri ya mallaki rabin makamin aikin. Maitiral na hagu ne, tirikasfid na dama, don haka duk jimlar da ta haɗa maitiral da bentirikul na dama a matsayin maƙwabta abar tuhuma ce. Bangon bentirikul na hagu milimita 6 zuwa 11 ne, na dama bai wuce 5 ba, domin na hagu ke tura jini har tafin ƙafa, na dama kuwa huhu kawai yake kaiwa. Akwai kuma wani tarko da harshenmu ke ƙarawa. Jijiya a Hausa ta haɗa mai fitar da jini daga zuciya, da mai dawo da shi, da mai kai saƙon ƙwaƙwalwa, har da ta agara. A rahoto kowace da sunanta: atari mai fita, ben mai dawowa. Abin da ya raba su shi ne inda suka dosa, ba irin jinin da ke cikinsu ba, shi ya sa atarin huhu ke ɗauke da jini maras oksijin, ben na huhu kuma mai oksijin. Sannan kalmar da ke nufin na atiriyom da wadda ke nufin na atari kusan haruffansu ɗaya ne, kwamfuta ba za ta ja wa ko ɗaya jan layi ba, tunda dukkansu kalmomi ne na gaskiya.

Bawul huɗu ne, kuma kowanne hanya biyu yake lalacewa. Ko ya tsuke ya hana jini wucewa, wannan sitenosis. Ko ya ƙi rufuwa jini ya riƙa komawa baya, wannan rigajiteshan, wasu likitoci su ce inkomfitens ko insafishensi. Maitiral ganye biyu gare shi, sauran uku-uku, sai dai mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ana haifarsu da ayotik mai ganye biyu. Ganyen maitiral da na tirikasfid wasu zaruruwa ne ke riƙe su daga ƙasa, ɗaure a ƙananan tsokoki, kamar igiyoyin da ke hana iska kifar da rumfar biki. Idan ɗaya ya tsinke, bawul ɗin sai ya fara yoyo nan take. Faɗin ƙofar maitiral mai lafiya murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne, tsukewa mai tsanani kuma daga 1.5 zuwa ƙasa. Ayotik 3 zuwa 4 ne, ana kiran tsukewarsa mai tsanani idan ya kasa 1.0, matsakaicin bambancin matsi ya kai 40 mmHg, gudun jini ya kai mita 4 a sakan. Ka lura da yadda lambobin ke tafiya: ƙofa na raguwa, matsi da gudu na ƙaruwa. Rahoton da ya ce ƙofa 0.7 amma tsukewar ba ta da yawa, a sake sauraronsa.

Zuciya lokaci biyu gare ta, sistol lokacin matsewa, dayastol lokacin saki da cika. Ƙarar rufewar maitiral da tirikasfid ita ce S1, ta ayotik da falmonari S2. Ƙarin sautin da jini ke yi idan ya bi ta lalataccen bawul shi ake kira mama, kuma lokacin da ake jin sa yana bin irin lalacewar. Tsukewar ayotik da yoyon maitiral a sistol ake jin su. Tsukewar maitiral da yoyon ayotik a dayastol. Ƙarfinsa ana auna shi ne a kan 6, bisa ma'aunin Samuel Levine, a rubuta 2/6 ko 3/6. Nan fa sai a yi hattara da al'adar fayilolinmu, inda 3/7 ke nufin kwana uku, 2/52 mako biyu, 6/12 wata shida. Duk ɗalibin da bai saba ba zai iya buga 3/6 a gurbin 3/7, ya mayar da tsawon ciwo ƙarfin sauti. Idan aikin na Amurka ne, kada a yi amfani da wannan taƙaitawa ko kaɗan, ba su san ta ba.

Masu ciwon bawul a asibitocinmu ba tsofaffi ba ne kamar a Turai. Yawancinsu yara ne da matasa da mata masu haihuwa, kuma tushen abin ciwon maƙogwaro ne na ƙwayar sitireftokokus da ba a yi wa magani ba a yarinta. Garkuwar jiki ta tashi yaƙi da ƙwayar, ta haɗa da bawul, shekaru bayan haka ganyen ya yi kauri ya manne. Wannan shi ne RHD, kuma maitiral ya fi kamawa, sai ayotik. Rahoton irin wannan mara lafiya yana da 'yan rakiya da ake sa ran gani: atiriyom na hagu ya buɗe, matsin jinin huhu ya hau, bugu ya rikice, sai allurar fenisilin mai daɗewa a jiki, yunit miliyan 1.2 duk mako 3 zuwa 4 ga babba. Kalmar yunit a rubuta ta cikakkiya. Harafin U shi kaɗai yakan rikiɗe ya zama sifili a idon mai karatu, 10 ta koma 100.

Zuciya ba ta cin abinci daga jinin da ke cikin ɗakunanta. Tana da nata jijiyoyin, koronari, da suka tashi daga gindin ayota. Ta hagu gajeren kututture ce da ta rabu biyu: LAD mai saukowa ta gaba, da LCx mai zagayawa ta gefe zuwa baya. Ta dama ita ce RCA. Rassan dayagonal na LAD ne, rassan OM na LCx ne, don haka dayagonal da ya fito daga RCA ba ya cikin halitta. Reshen baya, PDA, a yawancin mutane daga RCA yake fitowa, shi ne ake cewa dama ce ke da rinjaye. Amma PDA a rahoton jariri wani abu ne dabam, wato wata hanya tsakanin ayota da atarin huhu da ta ƙi rufuwa bayan haihuwa. Shekarun mara lafiya ne za su raba maka gardama.

Ba kowane asibiti ke zura kateta, wato siririn bututu, cikin waɗannan jijiyoyi ba, amma takardun aikin suna dawowa Jos tare da masu jinya daga Abuja ko Legas ko Indiya, kuma dole a kwafe su cikin tarihin mara lafiya. Toshewa da kaso ake faɗar ta, daga 70 cikin 100 ake ɗaukar ta babba, a kututturen hagu kuma daga 50. Gudanar jini bayan aiki da ma'aunin TIMI ake faɗar ta, daga 0 zuwa 3, kuma 3 ita ce mai kyau. Sitent, wato ɗan bututun raga da ake sa wa cikin jijiya don ya buɗe ta, ana faɗin kaurinsa da tsawonsa, misali 3.0 x 18 mm. Kateta kuma da Fr ake auna ta, Fr 6 daidai take da milimita 2.

ECG waya 10 ake liƙawa a jiki, amma kallo 12 take bayarwa: I, II, III, sai aVR, aVL, aVF da ƙaramin harafin a, sai V1 zuwa V6. Kowane rukuni yana kallon wani ɓangare na zuciya, kowane ɓangare kuma da jijiyar da ke ciyar da shi. II da III da aVF suna kallon ƙasa, yankin RCA a mafi yawan mutane. V1 zuwa V4 suna kallon gaba, yankin LAD. I da aVL da V5 da V6 suna kallon gefe. Idan rahoto ya ce ST, wani sashe na layin ECG, ya ɗaga a II da III da aVF, sannan aka ji kamar an ce mutuwar tsokar ta gaba ce, a koma baya a saurara, domin kalmomin gaba da ƙasa a Turancin likita, antiriyo da infiriyo, ƙarshensu iri ɗaya ne, farkonsu kuma shi ake cinyewa.

Wutar da ke sa zuciya bugawa daga cikinta take tashi. Ƙullin SA da ke atiriyom na dama shi ke bayar da umarni sau 60 zuwa 100 a minti. Saƙon ya ɗan dakata a ƙullin AV, ya bi damin His, ya rabu reshen dama da na hagu, ya bazu ta zaruruwan Purkinje. P a takarda ita ce wutar ɗakunan sama, QRS ta ɗakunan ƙasa, T kuma komawarsu hutu. Takardar tana tafiya milimita 25 a sakan, saboda haka ƙaramin gida ɗaya milisakan 40 ne. Tazarar PR milisakan 120 zuwa 200 ce. In ta wuce 200, toshewa ce mataki na farko. QRS ba ya kai 120. In ya kai, ka sa ran jin LBBB ko RBBB, wato toshewar reshen hagu ko na dama. QTc, wato tazarar daga Q zuwa ƙarshen T da aka daidaita da saurin bugu, idan ya haura 500 abin tsoro ne. Wani likita zai ce 0.16, wani ya ce 160, duk abu ɗaya suke nufi, na farko a sakan, na biyu a milisakan. Wanda ya buga 0.16 ms ya rubuta abin da ba ya yiwuwa. His sunan mutum ne, Wilhelm His, da babban harafi ake rubuta shi, haka Mobitz da Wenckebach da Purkinje.

Gajerun haruffa su ne inda aka fi zubar da mutunci. PR a fayil ɗin Najeriya yana iya zama yawan bugun jijiya, ko tazarar ECG, ko ba da magani ta dubura: 88 a minti na farko ne, 180 ms na biyu ne. MS tsukewar maitiral ce a sashen zuciya, wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce a wani sashe, mofin ce a wurin wasu. MI mutuwar tsokar zuciya ce, amma tsofaffin likitoci sukan nufi yoyon maitiral da ita. CHD ko ciwon koronari, ko ciwon da aka haifi yaro da shi. PE ko gudan jini a huhu, ko ruwa a jakar zuciya, ko duba jiki. AF yawanci fibirileshan ne, inda bugu ba shi da tsari sam, amma fulata ma da harafin F take farawa, ita kuma ta fi zuwa da bugu mai tsari wajen 150 a minti. ECG da EEG ma a kunne 'yan uwa ne, ɗaya na zuciya ɗaya na ƙwaƙwalwa. Amurkawa EKG suke cewa. Ƙa'idar ita ce kada ka faɗaɗa gajeren harafi sai in rahoton da kansa ya fayyace ma'anarsa, musamman a layin da ke faɗin cutar.

Rahoton eko yana da lissafin da ke tona kansa. Idan bentirikul na hagu ya cika da mililita 120, ya matse ya bar 50, ya tura 70 ke nan, 70 cikin 120 kuwa kashi 58 ne. Faɗin ɗakin a dayastol, LVIDd, dole ya fi faɗinsa a sistol, LVIDs, kamar yadda lambar sama ta hawan jini ba ta taɓa kasa ta ƙasa. LVIDd na namiji milimita 42 zuwa 58 ne, na mace 38 zuwa 52. Wasu injina da santimita suke bayarwa, don haka 5.2 cm da 52 mm duk ɗaya ne, amma 52 cm zuciyar da ta fi ƙirjin mai ita ce. Motsin bango kuma mataki-mataki ne: haifokainesis ya ragu, ekainesis ya tsaya, diskainesis yana tafiya a juye. Haifo da haifa, wato ƙasa da ƙima da sama da ƙima, su ne tsoffin abokan gabar mai wannan aiki. A sinadarin fotasiyom lamba za ta cece ka: daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0 mmol/L, don haka 2.9 haifo ce, 6.4 haifa.

A labaran rediyo, wanda ya yanke jiki ya faɗi, da wanda jijiyarsa ta toshe, da mai kumburin ƙafa na shekara biyu, duk ciwon zuciya ko bugun zuciya ake cewa. A rahoto abu uku ne. Toshewar koronari da ta kashe tsoka ita ce infakshan, kuma kada a rikita ta da infekshan. Tsayawar bugu gaba ɗaya ita ce ares. Gazawar zuciya wajen tura jini yadda jiki ke buƙata, wadda fayilolinmu ke kira CCF, ita ce ta fi cika gadajen asibiti a nan, kuma hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne babban sanadinta, sai ka ga an rubuta HHD, wato ciwon zuciya na hawan jini. Tsananinta da ma'aunin NYHA ake faɗa, da lambobin Rumawa, I zuwa IV, kuma IV ita ce mafi muni, wato mutum yana haki ko yana zaune. Saɓanin TIMI ke nan, inda babbar lamba alheri ce.

Akwai nau'in gazawar zuciya da duk mai buga rahoto a Arewa zai yi ta cin karo da shi: PPCM, wadda ke kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin bayan haihuwa, EF ya sauka ƙasa da 45. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun ta a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kanta daga Zariya, suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙaro da wasu dalilai, har da ƙarancin sinadarin seleniyom. Amfanin wannan ga mai buga rahoto shi ne likita kan tsoma kalmomin Hausa cikin Turancinsa, ya ce kanwa, ya ce wankan jego. A rubuta su daidai yadda suke, kada a fassara, kada kuma a bar kwamfuta ta mayar da kanwa wata kalma. Haka batun filo. Idan aka ce mace sai da filo 3 take iya barci, ba surutu ba ne, awon tsananin sarƙewar numfashi ne a kwance, wato otofniya, kuma lambar tana da muhimmanci. PND a nan farkawa ce cikin dare da haki, ba ciwon damuwa na bayan haihuwa ba, duk da cewa shi ma da waɗannan haruffa ake taƙaita shi, kuma mai jego tana iya samun kowanne.

Kuskuren suna yana ɓata fayil, kuskuren magani yana kisa. Digoksin ƙwayarsa 0.125 mg ce ko 0.25 mg, wato maikirogiram 125 ko 250. Wanda ya ji 125 ya liƙa mata mg ya ninka maganin sau 1,000. Sifilin gaban ɗigo wajibi ne, domin .25 kan zama 25 idan aka yi hoton takarda. Sifilin bayan ɗigo kuma haramun ne a magani, domin 5.0 na warfarin, maganin hana daskarewar jini, kan zama 50. Hukumar tantance asibitocin Amurka ta sa waɗannan cikin jerin abubuwan da ta hana tun 2004, tare da U da QD (sau ɗaya a rana) da MS, amma ta bar sifilin baya a sakamakon gwaji da awon girma, shi ya sa 3.0 na sitent da 2.0 na INR, gwajin saurin daskarewar jini, suke daidai. INR ɗin mai shan warfarin 2 zuwa 3 ake nema, mai bawul ɗin ƙarfe a maitiral kuma 2.5 zuwa 3.5. Sunaye ma suna da tagwaye. Lasix na fitar da ruwa ne, Losec na gyambon ciki, kuma saboda wannan rikici aka sauya wa na biyun suna zuwa Prilosec a Amurka. Haidiralazin na hawan jini ne, haidiroksizin na ƙaiƙayi. Amlodifin da amilorayid ma haka.

Yawan shan magani a nan da od, bd, tds, qds ake rubuta shi, wato sau ɗaya, biyu, uku, huɗu a rana, a Amurka kuma bid, tid, qid, kuma OD a can idon dama ne. Sukari a mmol/L sai an ninka shi 18 kafin ya zama mg/dL, kiriyatinin kuma, na awon aikin ƙoda, 88.4 ne tsakanin mg/dL da µmol/L. Tiroponin, gwajin da ke nuna raunin tsokar zuciya, wani ɗakin gwaji a ng/L yake bayarwa, wani a ng/mL, bambancin ninki 1,000. Kwanan wata ma tarko ne: 03/04 a Jos 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Manhajojin da ke mayar da magana rubutu sun sauya aikin, ba su kawar da shi ba. Ba su saba da karin harshen likitan Filato ko Kano ba, kuma laifinsu mafi haɗari shi ne zubar da ƙananan kalmomin korewa: babu ruwa a jakar zuciya ya koma akwai ruwa, jimlar kuma ta fito sumul ba abin da zai ja hankali. Haka fom ɗin eko da aka riga aka cika da komai lafiya. Idan likita ya faɗi yoyon maitiral mai tsanani a ƙarshe, amma layin sama har yanzu yana cewa bawulolin ƙalau suke, ragowar fom ne ba a goge ba. A ganinmu wannan ya fi kuskuren kunne yawa a wuraren da ake buga rahoto da dama a rana.

Duk wannan sani ba lasisin gyara maganar likita ba ne, kuma nan ne ɗalibi mai ƙoƙari ya fi zamewa. Ya gane cewa 50 ba ta dace ba, sai ya buga 15 da kansa. Wataƙila lambar ce daidai, kalmar tsanani ce kuskure. Wataƙila rahoton wani mara lafiya ne ya shigo. Abin yi shi ne a sake saurara sau biyu ko uku, da farko a rage gudu, sannan a saurari jimlar gaba ɗaya a gudunta, domin rage gudu fiye da kima yana narkar da kalma. In bai fito ba, a bar gurbi, a rubuta minti da sakan ɗin wurin, a ɗora ɗan bayani a gefe: ranka ya daɗe, an ji EF 50 a minti 2:14, ƙarshen rahoto kuma ya ce rauni mai tsanani, a duba. Matambayi ba ya ɓata. Nahawu da alamomin rubutu kana iya gyarawa idan tsarin wurin ya yarda, amma lamba da ɓangare da magani da sunan cuta na mai sa hannu ne.

Muryar da aka turo maka sirrin mara lafiya ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana bayyana bayanin mai jinya ba da izini ba, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Don haka ba a kai rahoto shagon buga takardu na kasuwar Terminus a Jos, ba a tura muryar likita zauren WhatsApp na 'yan aji don a taya ka jin wata kalma, kuma ana goge fayil daga waya da kwamfuta da zarar likita ya sa hannu. Sunan mara lafiya da lambar fayil daga kati ake kwafe su, ba daga kunne ba, domin sunayen Birom da Angas da Tarok sukan zo da haruffa fiye da yadda ake furta su, kuma a asibiti ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya su biyar a rana guda.